Ƙamus ko Waya: Wanne Ya Kamata Ka Dogara da Shi Idan Kalmar Turanci Tana da Ma'ana Fiye da Ɗaya?

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da juya sanarwar 'yan sanda zuwa Hausa ya san irin wannan jimlar: an kama mutum biyu, an same su da bindiga ƙirar AK-47 guda ɗaya da *two magazines*. Wanda iliminsa game da kalmar bai wuce abin da ya koya a aji ba zai rubuta "mujallu biyu", mai sauraro kuma ya yi ta mamakin yadda karatun mujalla ya zama laifi. Abin da ake nufi shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake soka wa bindiga ta ƙasa, wanda na AK-47 da aka fi sani yake cin harsashi 30. Kalmar kuma ba ta tsaya nan ba. A tsohuwar takardar soja tana nufin ɗakin ajiye albarushi da makamai, a gidan rediyo kuma shiri ne mai ɗauke da rahotanni iri-iri.

Dalilin wannan yawo yana cikin tarihinta. Asalinta Larabci ne, *makhzan*, wato ma'ajiya, jam'i *makhazin*. Ta bi ta Italiyanci da Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16 da ma'anar sito. Sojoji suka ɗauke ta don ɗakin albarushi, daga baya aka laƙaba ta wa ɓangaren bindiga mai riƙe harsasai. A 1731 wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya fara buga wata takarda duk wata ya sa mata wannan suna, yana nufin ma'ajiya ce ta labarai da rubuce-rubuce. Ma'anar da ta zo daga baya ita ce yau ta danne sauran. Amma tsofaffin ba su mutu ba: unguwar makanikai da maƙera ta Suame da ke Kumasi har gobe da wannan suna ake kiranta, saboda rumbun makaman Turawan mulki da ke wurin da masu sana'ar suka fara taruwa.

Ire-irenta suna da yawa, kuma abin mamaki galibinsu a wannan da'ira ta ajiya da makami da takarda suke kewayawa. *Tank* tankin ruwa ne, kuma tankar yaƙi ce, domin Ingila ta ɓoye sirrin ƙera ta a 1915 da sunan tankin ruwa. *Cartridge* harsashi ne, kuma gidan tawadar firinta ne. *Round* harsashi guda ne, turmin dambe ne, zagayen zaɓe ne. *Issue* fitowar mujalla ce, matsala ce, a takardar gado kuma 'ya'yan mamaci ake nufi. To wanda ke da 'yan kuɗi a hannu yana tunanin ya sayi ƙamus na takarda, ko ya bar wa waya komai, da me zai auna?

Ma'aunan da na bi

Aikin mataki biyu ne, kuma mutane kan haɗa su su zama ɗaya. Na farko, gane wace ma'ana marubucin Turancin yake nufi. Na biyu, samo kalmar Hausa da mai sauraro zai gane ba tare da ya tsaya tunani ba. Kayan aiki kaɗan ne ke iya yin duka biyun da kyau, saboda haka ma'auni na farko shi ne rarrabe ma'anoni: shin yana jera su dalla-dalla da misalin jimla, ko amsa ɗaya yake miƙa maka? Na biyu, ingancin Hausar da yake bayarwa. Sannan kuɗi, da ƙarko, da sauƙin amfani a inda babu wuta ko sabis. Na ƙarshe shi ne haɗari, kuma shi na fi ba wa nauyi: idan ya yi kuskure, za ka iya ganewa, ko kuwa zai wuce da kai ba ka sani ba?

Ƙamusun Turanci zalla na masu koyo

Wannan shi ne irin su Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya tsara. Malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, ya lura cewa ƙamusun da aka yi wa 'yan asalin harshe ba ya biya wa baƙo buƙata. Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Longman ya biyo baya a 1978 da wata dabara mai kyau: duk bayanin da ke ciki an yi shi ne da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, don kada ka je neman ma'anar kalma ka tarar da wata wadda ta fi ta wuya. Akwai kuma na Cambridge.

A mataki na farko babu wanda ya kama ƙafarsu. Ka buɗe kalmar da muka fara da ita a na Oxford, za ka ga lambobi a jere: mujalla, shirin rediyo ko talabijin, ɓangaren bindiga, ɗakin ajiye makamai. Ko da ba ka taɓa riƙe bindiga ba, idonka zai sauka kan lamba ta uku ka ce wannan ce ta dace da sanarwar 'yan sanda. Wani abu da ya kamata a sani shi ne ƙamusoshin masu koyo suna sa ma'anar da aka fi amfani da ita a gaba, yayin da babban ƙamusun Oxford mai juzu'i da yawa yake jera su bisa tarihi, tsohuwar ma'ana a farko. Saboda haka ɗabi'ar nan ta karanta layin farko a rufe littafi ita ce ke kashe mutane, ko wane iri suka riƙe.

Rauninsa a fili yake: ba ya ba ka kalmar Hausa ko ɗaya, kuma sai Turancinka ya kai wani matsayi kafin ka more shi. Ta fuskar kuɗi, na asali yana da tsada domin daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala. Kasuwa kuwa cike take da na bogi. Za ka gane shi da takarda shara-shara wadda rubutun bayan shafi ke leƙowa ta gaba, tawada ta dusashe a wasu wurare, hotunan da ya kamata su zo da launi sun koma toka-toka, gam ɗin bango kuma ba ya kai damina biyu sai shafukan tsakiya su fara zubowa. Araha ba ta ado. Idan kuɗin na asali ya gagara, tsohon bugu na hannu ya fi sabon na bogi nesa ba kusa ba, domin ma'anonin irin waɗannan kalmomi ba su canja ba cikin shekara ashirin. Kuma duka ukun suna da shafukan intanet da ake dubawa kyauta. Manhajar Oxford ta waya ce ake biya.

Ƙamusun Turanci zuwa Hausa

Nan ne zaɓi ya fi wahala, domin ba duk mai wannan suna ne yake aiki iri ɗaya ba. Akwai ƙaramin ƙamus na Neil Skinner da aka fara bugawa a Zariya a shekarun 1960, wanda ɗalibai da dama suka tashi da shi. An yi shi ne don 'yan makaranta, kuma a wannan matsayi ya yi aikinsa, amma ƙaramin littafi ba shi da filin da zai bi kowace kalma zuwa ma'anarta ta uku da ta huɗu. Akwai kuma ƙananan ƙamusoshi marasa sunan marubuci na kirki da ake sayarwa a bakin tasha, kalma ɗaya a hagu, kalma ɗaya a dama. Waɗannan su ne mafi haɗari a duk jerin nan, domin suna sa mutum ya ɗauka kowace kalmar Turanci tana da takwararta guda ɗaya tak a Hausa.

Wanda ya sauya lamarin shi ne na Roxana Ma Newman da Jami'ar Yale ta buga a 1990. Tsarinsa shi ne ya raba ma'anonin kalmar Turanci, ya nuna a wane yanayi ake amfani da kowace, sannan ya kawo Hausarta, sau da yawa cikin ɗan guntun zance. Yana kuma nuna karin sauti da tsawon wasali, abin da Bahaushe ba ya buƙata sosai amma yake taimaka wa mai koyo. A 2020 ita da Paul Newman suka fitar da wani mai fuska biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa a littafi ɗaya, a maɗaba'ar Jami'ar Bayero da ke Kano. Kasancewar a gida aka buga shi ya sa ya fi na Yale sauƙin samu ga mai saye da naira.

Ƙarfin wannan rukuni shi ne yana ɗaukar matakai biyun a lokaci guda, ba ya buƙatar caji ko data, kuma Hausarsa ta bi ta hannun masana. Iyakarsa ita ce girma da shekaru. Duk ƙamus mai harshe biyu dole ya zaɓi abin da zai bari, kuma abin da ake fara bari shi ne ma'anonin 'yan sana'a: na soja, na lauya, na akanta, na makanike. Wanda aka buga a 1990 kuma bai san wayar hannu ta zamani ba, balle abin da ya biyo bayanta. Ƙarko kuwa yana hannunka. Littafi mai ɗinki zai yi shekaru idan ka raba shi da gara da laimar damina, ka kuma daina ba da aronsa.

Tsofaffin manya: Bargery da Abraham

Mutane kan ji sunansu su ɗauka su ne maganin komai. Na G. P. Bargery ya fito a 1934, shafi sama da 1,200, an sake buga shi a Zariya a 1993, kuma an daɗe da ɗora shi a intanet inda ake bincikensa kyauta. Na R. C. Abraham ya fito a 1949, bugu na biyu a 1962. Taska ce ta Hausa, babu musu. Sai dai alƙiblarsu daga Hausa zuwa Turanci take. Bargery yana da jerin Turanci a baya, amma manuni ne kawai da ke tura ka cikin littafin. Amfaninsu yana mataki na biyu: idan kana tantama tsakanin rumbu da sito da taska da ma'aji, su ne za su nuna maka inda kowace take zaune a bakin mutanen da. Haka ma ƙamusun Hausa zalla na Jami'ar Bayero na 2006. Kada ka saye su don su fassara maka takardar jiya.

Google Translate da manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Google ya sa Hausa cikin harsunansa a ƙarshen 2013, kuma wanda ya gwada shi a wancan lokaci ya sake gwadawa yau zai yarda an samu ci gaba mai yawa. Kyauta ne in ban da data, ana iya sauke Hausa a waya don aiki ba tare da intanet ba, kuma babu abin da ya kai shi sauri. Idan ka ba shi cikakkiyar jimla yakan duba kalmomin da ke kewaye ya zaɓi ma'ana, saboda haka jefa masa kalma ɗaya tilo shi ne mafi munin hanyar amfani da shi.

Matsalarsa ita ce fuskarsa ba ta canjawa. Amsar da ta dace da wadda ta kauce duka da murya ɗaya yake kawo su, cikin Hausa mai santsi, babu alamar tambaya. Ƙamus idan bai san abu ba za ka ga gurbin babu kowa, ka tafi wani wuri. Na'ura ba ta barin gurbi. Kuma dalilin kuskurenta sananne ne: daga rubuce-rubucen da aka ciyar da ita take koyo, inda mujalla ta fi gidan harsashi yawa ninkin ba ninki, Hausar da ke intanet kuma ba ta kai ko kusa da Turanci ko Faransanci ba. Duk lokacin da jimla ba ta fayyace ba, ma'anar da ta fi yawa ce za ta yi nasara.

Manhajoji irin su ChatGPT sun ɗara a abu ɗaya: kana iya ce musu su jero maka duk ma'anonin kalma, su faɗi wadda ta dace da jimlarka da dalili. A ɓangaren Turanci sukan yi wannan da kyau. A ɓangaren Hausa kuwa sukan haɗa kalmar da babu Bahaushen da ya taɓa furta ta, su miƙo ta kamar daga bakin kaka suka ji. Akwai kuma batun sirri. Takardar kotu, rahoton asibiti, ko wasiyyar wani, duk abin da ka liƙa a ciki ya bar wayarka ya tafi na'urar wani kamfani. Tafinta mai riƙon amana ya kamata ya yi tunani sau biyu.

Abin da babu a kowane ƙamus

Akwai hanya ta biyar da ba a sayarwa: duba yadda kafofin labarai na Hausa suke faɗin abu. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, ga DW da RFI da Aminiya da gidajen rediyon jihohi, kuma kullum suna fama da waɗannan kalmomi kafin wani ƙamus ya ji labarinsu. Sai dai za ka tarar ba su daidaita ba. A kan wannan ɗan akwati na bindiga, wani zai rubuta gidan harsashi, wani kwanson harsasai, wani jigida, wani ma ya bar shi da sunansa na Turanci. A ganina gidan harsashi ya fi. Kwanso ya fi dacewa da ɓawon da ke faɗuwa ƙasa bayan an harba, jigida kuma da jerin harsasan nan da ake ratayawa a kafaɗa ana ciyar da babbar bindiga. A rahoton kotu bambancin ba ƙarami ba ne: kwanso biyu na nufin an yi harbi sau biyu, gida biyu na iya nufin harsashi 60.

Ga 'yan uwa na Nijar akwai ƙarin tarko. Faransanci yana da *magasin*, wato kanti ko sito, wadda ta ba Hausar can mangaza, sannan ya sake aro *magazine* daga Turanci don mujalla, ɓangaren bindiga kuma *chargeur* yake ce masa. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya zo fassara Turanci zai ga kalmar ya ɗauka ya san ta. Ƙamusun Turanci zalla zai cire shi daga wannan.

| Zaɓi | Rarrabe ma'ana | Ingancin Hausa | Kuɗi | Ƙarko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Turanci zalla na masu koyo | Mafi kyau | Babu | Na asali da tsada, shafin intanet kyauta | Na asali na daɗewa, na bogi a'a | Kaɗan |
| Babban Turanci zuwa Hausa | Mai kyau | Mai kyau | Matsakaici zuwa tsada | Shekaru | Rashin sabbin kalmomi da na sana'a |
| Ƙaramin na aljihu | Rauni | Ya danganta | Araha | Gajere | Babba |
| Bargery, Abraham | Ba aikinsu ba ne | Zurfi, amma ta da | Wuyar samu, Bargery kyauta a intanet | Shekaru | Kalmar da aka daina ji |
| Google Translate | Amsa ɗaya | Hawa da sauka | Data | Iyakar ran waya | Babba, ba ya nuna shakka |
| Ƙirƙirarriyar basira | Mai kyau idan ka tambaya | Hawa da sauka | Kyauta ko biyan wata | Sai da sabis | Ƙagaggen kalma, fitar sirri |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibin sakandare mai shirin WAEC ko JAMB ya sa kuɗinsa a ƙamusun Turanci zalla, ko da tsohon bugu ne. Jarrabawar tana son tambayar ma'anar kalma yadda aka yi amfani da ita a cikin nassi, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙamusun ke horar da ido a kai. Idan Turancinsa bai yi ƙwari ba tukuna, Longman ya fi sauƙin shiga.

Babba da ya fara koyon Turanci da girma, ɗan kasuwa ko mai sana'a, ya fara da Turanci zuwa Hausa mai fuska biyu. Ba shi Oxford a wannan mataki wahalar da shi ne kawai. Ya haɗa da Google don saƙonnin yau da kullum, inda kuskure ba zai ja masa asara ba. Amma takardar da za a sa wa hannu, ta haya ko ta bashi ko ta kaya a tashar jirgin ruwa, ya kai wa mutum ya karanta masa.

Ɗan jarida da mai fassarar labarai suna buƙatar biyu a buɗe: shafin Oxford ko Cambridge a waya don gane ma'ana, babban ƙamusun Turanci zuwa Hausa a kan tebur don samo kalma. Idan ƙamus ya yi shiru, a duba yadda sauran kafofi suka faɗa, a zaɓi wadda ta fi daidai, ɗakin labarai kuma ya rubuta ta a littafinsa don kada mai karanta labaran safe da na yamma su saɓa. Na'ura tana iya yin daftarin farko idan lokaci ya ƙure, da sharaɗin a bi kowace jimla da Turancin a gefe.

Tafintan kotu da mai fassarar takardun gado ko na asibiti, ƙamusun masu koyo ma bai ishe shi ba. Ya nemi ƙamus na fannin, ya tambayi lauya ko likita ko ɗan sandan da ya rubuta takardar abin da yake nufi, ya kuma nisanta takardun mutane daga manhajojin intanet.

Marubuci da mai nazarin harshe su ne Bargery da Abraham da ƙamusun Bayero za su yi wa rana, domin su matsalarsu ba gane Turanci ba ce, zaɓen Hausar da ta fi zama daram ce.

Wanda kuwa kuɗinsa na littafi ɗaya ne kacal kuma yana da waya mai shiga intanet, ya sayi na Turanci zuwa Hausa na takarda, tunda na Turanci zalla yana samuwa kyauta a waya, shi kuwa ingantaccen na Hausa ba kasafai ake samunsa haka ba. Idan yana zaune a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma Turancinsa ya kai ya karanta jarida, sai ya juya lissafin ya sayi na Turanci zalla.